Wadda Ke Faɗuwa a Faifai Na Biyu

Faifan wasan harbi ta dire masa a kan kantar shago, ko sallamarta bai gama amsawa ba.

"Karɓi na biyunka, ba ni na ɗaya. Sun ɓata wasan."

Mai shagon gem ya ajiye rimot ɗin da yake gyarawa. 'Yar kemis ɗin tsallaken titi ce, wadda ya daɗe yana ƙirƙirar ciwon kai saboda ita.

"Me suka ɓata, ranki ya daɗe?"

"A na ɗaya kai kaɗai ne da bindigarka, ga duhu, harsashi kaɗan, in ka mutu ka koma farko. Wannan kuwa sai da abokin tafiya. In ka faɗi ya zo ya ɗaga ka kamar jariri."

"To mu yi ciniki. Ki buga shi tare da ni har ƙarshe. In kina nan a kan bakanki, na ɗaya naki ne kyauta."

"In na sauya fa?"

"Sai ki nuna min ƙofar gidanku."

Ta ce ya cika rawar kai. Amma da faifanta ta fita, kuma tana murmushi.

Daga nan duk ta tashi aiki sai su haɗu a wasan ta intanet, ita a falonsu, shi a shago. Wasa ya zarce zuwa saƙo.

"Maharbiyata, yau kin bar ni kwance a kan gada kin bi akwatin harsashi. Haka za ki yi min a gidanmu?"

"Likitana, ai na dawo na ɗaga ka. Kuma har yanzu bindigar na ɗaya ta fi ƙara mai daɗi."

Ba su kai rabin wasan ba ta nuna masa ƙofa. Sai dai Baba, mahaifinta, tsohon direban babbar mota, ya taka burki.

"Mutumin da sana'arsa danne-danne? Ba a gidana ba."

Ana cikin wannan sai ga wata sabuwa. Na biyu yana da wani tsegumi da na ɗaya ba shi da shi: yana nuna maka da wa abokinka ke wasa. Kullum bayan la'asar sai ta ga likitanta da wata mai suna 'Yar Gata. Wasan ma har lissafi yake nunawa, 'Yar Gata ta faɗi, ya ɗaga ta, ta sake faɗuwa, ya sake ɗagawa.

Ta tura masa saƙo: "Wace ce ita?"

"Amana ce, ba zan iya faɗa ba. Ki yarda da ni, Maharbiyata."

"Kar ka ƙara kirana haka. Na ɗaya ya fi, can babu mai cin amanar wani."

Washegari tana kemis da ta ga sunan ya kunno a wayarta, ta cire farar rigar aiki ta tsallaka titi ko duba mota ba ta yi ba. Ta yaye labulen ɗakin cikin shagon.

Wani dattijo ne a kujerar roba, hula a gwiwa, hedfon a kunne, yana karkata jiki duka kamar zai sha kwana.

"Yaro, sun fasa min taya, na faɗi, zo ka ɗaga ni!"

"Baba?"

Rimot ya kusa suɓuce masa.

Ashe zuwa ya yi ya ja wa yaron kunne, ya tarar da shi yana buga wasan, daidai wurin da ake tuƙa motar yaƙi, yana ta afkawa rami. Baba ya kasa haƙuri ya ce, "Kawo nan, ba haka ake shiga kwana ba." Tun ranar bai fasa zuwa ba. Sunan kuwa na wata kwastoma ce da ta daina zuwa, kuma Baba ya sa yaron ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba.

Baba ya mayar da hularsa, ya gyara murya.

"Jiya ina zaune saƙonki ya shigo. Na ga idonsa ya kaɗa, amma bai tona ni ba. Na yi tafiya da mutane iri-iri, na san wanda ake ba wa kaya a yi barci." Ya dubi mai shago. "Ka turo manyanka."

Ta rufe fuska da mayafi, dariya da hawaye suka haɗe mata.

"To Baba, wanne ya fi?"

"Na ɗayan da ko mota babu? Wannan ma wasa ne?"

Aka ɗaura aure, Baba ya dafa kawunansu ya ce Allah ya sa duk wanda ya faɗi a cikinsu ɗayan ya ɗaga shi. Aka shafa.

Ango ya samu mata, amarya ta samu mai riƙon amana, Baba ya samu na'urar gem daga surukinsa. Wadda ta yi asara Mama ce: talabijin ɗin falo ta zama filin tuƙin Baba, sai Baba ya tafi masallaci take ganin fim.