Katakon Bakin Ƙofa

Ranar da aka kawo takardar rushe gidan rawar ne wani kafinta ya fara ganin Auta, tana sauke hotunan makaɗa daga bango tana share hawaye. Mahaifinta ya shekara talatin da takwas yana busa a gidan, tun ana layi har titi, har kujeru suka fi mutane yawa.

Shi kuwa kafintan an turo shi ne ya ɓamɓare katakon filin rawar. Bawan Allah ya zo da guduma, ya koma gida zuciyarsa na hannun wata.

Da maganar aure ta kai kunnen Baba, cewa ya yi, "Wanda ya ɗaye filin nan? Ba dai 'yata ba."

Auta ta tura saƙo: "Kafintana, ko zancenka Baba ba ya son ji. Na gaji da kuka."

"Autata, ki ba ni mako biyu."

Ya roƙi mai gidan rawar katakan bakin ƙofa, ya shimfiɗa su a tsakar gidan Baba ranar da tsohon ya je asibiti. Guda ɗaya na ƙara in an taka. Kafinta da son a yaba aikinsa, ya danna masa ƙusa uku.

Baba ya dawo, ya hau yana lalube da ƙafa. Shiru.

"Ina ƙarar?"

"Na gyara, Baba."

Tsohon ya shige ɗaki ya rufo ƙofa.

"Wurin tsayuwar Mama ne," in ji Auta. "Ba ta rawa. In kiɗa ya tsaya sai ta taka sau biyu, ya san ta iso. Tun rasuwarta kullum sai ya je ya taka."

Kunya da baƙin ciki suka rufe kafinta. Ya durƙusa ya zare ƙusoshin, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar Baba.

Da ƙyar Baba ya fito. Ya taka, katakon ya amsa. Ya sake takawa, hawaye na bin gemunsa.

"Turo manyanka, yaro."

An ɗaura auren a makon da aka rushe gidan rawar. Baba ya riƙo hannun ango ya ce, "Allah ya yi muku albarka. In ta taka, ka saurara, ɗana. Ba kullum za ka ji ba."