Surukin da Ba Ya Ɗaga Murya

Ni dai ban iya siffanta kyawun mace ba, uwargidana shaida ce. Don haka kada a jira in ce Rahamatu tana da ido kaza ko hanci kaza. Abin da na sani shi ne, ranar da ta sha gaban Suhail a bakin kasuwar Sabon Gari ranta a ɓace yake, kuma ɓacin ran ya karɓe ta.

Bas ɗaya suka shigo daga Samaru. Da ya sauka sai ya manta ledarsa a kan kujera, ita kuma ta biyo shi da ita tana "Malam! Malam!" har masu sayar da lemo suna taya ta kira. Ko waiwaye bai yi ba. Sai da ta zagayo ta tsaya a gabansa tana haki.

"Haba Malam! Ko akuya aka yi wa wannan kiran ai ta juyo."

Shi kuwa ya tsura wa bakinta ido.

"Lafiya kake kallon bakina? Wani abu ne a haƙorina?"

"Yi haƙuri," in ji shi. "Da bakin naki nake ji. Kunnuwana sun yi ritaya tun ina firamare, sanƙarau ne ya sallame su. Na dama ne kawai yake ɗan leƙowa aiki."

Kunya ta rufe ta. Don ta wanke laifinta sai ta ce za ta raka shi inda za shi. Ashe abin da ke cikin ledar na'urar ƙara ji ce, zai mayar wa Nedu, wani mai shago da ke jera irinsu tsakanin rediyo da tocila.

"Nedu, wannan abin naka fito yake yi mini a ka," Suhail ya ce. "Ina jin kukan kazar maƙwabta, amma wanda ke gabana ba na jin sa."

"Oga Suhail, wannan orijinal ne," in ji Nedu. "Kunnenka ne ba orijinal ba."

Rahamatu malamar firamare ce a hanyar Basawa, muryarta ta saba da aji mai yara fiye da kujeru. Ta sauke wa Nedu ita gaba ɗaya, har ya canja musu wata. Suhail ya ce a ransa, rabon da ya ji magana tar haka ya manta. Kafin su rabu ya karɓi lambarta.

Zance ya fara, wahala ta fara. Gidan su Rahamatu a Unguwar Gabas yana jingine da injin markaɗe. Kalaman soyayya kuwa, kowa ya sani, ƙasa-ƙasa ake faɗar su. In ta yi ƙasa da murya, Suhail ya ce "Na'am?" In ta ɗaga, yaran layi su ɗauka su yi ta rerawa har bakin masallaci. Ƙarshe dai suka koma zama a benci ɗaya bayan la'asar, kowa da wayarsa a hannu.

"Na yi kewarka, Maikallona," ta rubuta.

"Ga ni a gefenki fa, Rahamar zuciyata."

"Na sani. Jiya da na faɗa da baki, mai markaɗe ya ce shi ma ya yi kewata."

"Ki ce masa ya tsaya a kan tattasai."

Abu ɗaya ya roƙe ta, kada ta faɗi maganar kunnensa a gida. Ya taɓa neman aure a unguwar Jama'a, komai yana tafiya daidai, har ranar da wata gwaggo ta ce su ba sa ba kurma 'ya. Tun daga nan yake ɓoye na'urar a ƙarƙashin hula kamar kayan sata.

Mahaifinta, Alhaji Umaru, tsohon ma'aikacin kotu ne da ya yi imani cewa ɗaga murya aikin 'yan kamasho ne. Magana yake yi cikin gemu, idonsa a kan carbi, rediyo na gefe yana karanto labarai. Ga kuma wani malamin jami'a mai mota da ya fara zarya gidan, kunnuwansa biyu garau. Alhaji ya ce duk mai so ya zo ya gaishe shi, ya gan shi da idonsa.

Suhail ya sha babbar riga, ya danna hula har kunne, ya durƙusa a zaure ya sunkuyar da kai yadda ake yi. Hular na taɓa na'urar Nedu sai ta saki wani fito mai tsini, fiiii, kamar an taka ɗan tsako. Ya kai hannu zai gyara, ta ƙara. Alhaji ya ɗago, ya hango siririyar waya a bayan kunnen yaro, ya mayar da kansa ga carbi.

Da yamma saƙon Rahamatu ya shigo.

"Baba ya ce wane irin yaro ne zai zo gaishe shi da iyafis a kunne yana jin waƙa."

"Wace waƙa? Wallahi ko gaisuwarsa ban ji ba."

"Ka bari in faɗa musu mana."

"A'a. Zan gyara."

Gyaran da ya yi shi ne, zuwa na biyu ya cire na'urar ya bar ta a shagonsa na fotokwafi a Samaru. To wanda ba na'ura, dole ya karanta leɓe. Ya durƙusa ya ƙura wa bakin Alhaji ido, yana laluben kalmomi a cikin furfura. Duk inda leɓe ya tsaya sai ya ce, "Haka ne, Baba." Ya fito yana ganin ya yi ƙoƙari, sai ga saƙonta.

"Baba ya ce ka tsare shi da ido kamar ɗan sanda. Ya ce shekarunsa a kotu ko ɓarawon shanu bai taɓa kallon sa haka ba."

"In sunkuya ba na ji, in ɗago ba ni da kunya. Ya ake so in yi, Rahama?"

"Ya tambaye ka sana'arka, ka ce masa haka ne."

Can wani saƙon ya biyo baya.

"Na faɗa wa Mama gaskiya, ita kuma ta faɗa masa. Ka yi fushi in ka ga dama. Na gaji da ganin ana kiran ka mara tarbiyya a kan abin da ba ka yi ba."

Ya kuwa yi fushin. Kwanaki bai amsa mata ba, yana ta haɗa wa ɗalibai shafukan furojet a juye. Abin da ya fi ci masa rai a saƙonninta, Alhaji bai ce ba ya ba kurma 'ya ba. Cewa ya yi, "In ta kira shi tana cikin ciwo, zai ji? In yaro ya faɗi a tsakar gida fa?" Tambaya ce da Suhail ya sha yi wa kansa.

Ranar Asabar sai ga Rahamatu a ƙofar shagon, ta tsaya inda zai ga bakinta sosai.

"Ka gama fushin, ko in koma in dawo?"

"Saura kaɗan."

"To ƙarasa a hanya. Asibiti za mu, wurin masu gwajin kunne. Wannan ta Nedu ka ba yara su yi wasa."

Mai gwajin, Madam Modupe, ta sa shi a wani ɗan ɗaki kamar akwati, ta ce ya ɗaga hannu duk sanda ya ji ƙara. Ya ɗaga a inda ya ji, ya ɗaga a inda yake fatan ya ji, har ta leƙo ta ce, "Malam Suhail, ban kunna ba tukuna." Ta cusa masa wani abu kamar ƙullin alawa a kunne don a ɗauki girman ramin. Ta nuna masa iri-iri. Ya nuna 'yar ƙarama mai ɓuya a ciki, wadda ko hula ba ta san da ita ba.

"Wannan ba za ta ɗauke ka ba," in ji ta. "Kai ta bayan kunne ce taka, kuma guda biyu."

"Ai kowa zai gani."

"Masu tabarau a aljihu suke sa shi?" Rahamatu ta ce. "Ni dai ina so in ce ina son ka ba tare da unguwa ta amsa ba."

Sai da babur ɗinsa ya tafi kasuwa kafin na'urorin su zo. Da aka sa masa kuma, duniya ta faɗo masa a ka. Ashe cokali yana da ƙara. Ashe injin fotokwafinsa kuka yake yi duk shekarun nan. Muryarsa da kansa ta zame masa kamar ta wani baƙo a cikin randa. A tashar Kwangila, hon ɗin tireloli ya sa ya toshe kunne da hannu, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Ga gumi, ga ƙaiƙayi, ga batir mai mutuwa ba sallama.

"Na biya kuɗi na sayo ciwon kai," ya rubuta mata.

"Madam ta ce a hankali ƙwaƙwalwa za ta saba. Daure, Maikallona."

"Kin san takalminki yana ƙara?"

"Ka ga, har ka fara aikin miji."

Zuwa na uku bai danna hula ba. Ya ɗora ta can sama, na'urori biyu a fili kowa na gani. Ya durƙusa, ya gaida Alhaji, Alhaji ya amsa cikin gemu. Na'urar kuwa, da yake mai adalci ce, ta kawo masa mai karanta labarai a rediyo tar, ta bar Alhaji a baya. "Haka ne, Baba" ta zo har bakinsa, ya haɗiye ta.

"Baba, ina neman alfarma. A taimaka a kashe rediyon. Kuma a yafe mini, zan riƙa kallon fuskarka. Ba raini ba ne. In na sunkuya, zan ce to a kan abin da ban ji ba, ni kuma ba na so in fara yi maka ƙarya tun kafin in zama ɗanka."

Alhaji ya dube shi, ya dubi rediyon da ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. Ya miƙa hannu ya kashe.

"Tambayar da ka yi a kan ciwo, gaskiya ce," Suhail ya ci gaba. "Ba kullum zan ji kiranta ba. In na cire su zan kwanta, sai dai ta taɓa ni. Amma ba zan yi nisan da hannunta ba zai kai gare ni ba."

Alhaji ya ja carbi. Can ya faɗi wani abu, kansa a ƙasa.

"Baba, ban ji ba. A maimaita mini."

Alhaji ya ɗan ɗago, ya sake faɗa. Daidai lokacin mai markaɗe ya tayar da injinsa.

"Baba, don Allah, sau ɗaya kuma."

Jijiyar wuyan Alhaji ta miƙe. Ya ajiye carbi, ya cika ƙirji da iska.

"Na ce ka turo magabatanka!"

Tantabarun da ke kan katanga suka watse. Mai markaɗe ya kashe inji ya leƙo. Daga cikin gida Mama ta rangaɗa guɗa, don ita ma, in ji ta, tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin ƙarshen muryar mijinta ba sai ranar.

Wayar Suhail ta motsa a aljihu tun bai fita daga zauren ba.

"Ka ji, ko in turo maka a rubuce?"

"Na ji, amaryata. Ina jin har Samaru an ji."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Alhaji Umaru ya riƙe hannun angon ya sa musu albarka, yana kallon sa ido cikin ido, yana buɗe baki sosai yadda Rahamatu ta koya masa. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuriya ɗayyiba, jama'a suka ce amin. Suhail ya sa sabon batir tun da safe don ya ji sigar ɗaurin aure da kunnensa. Sai dai maroƙin da aka ɗauko ya zo da lasifika, ya tsaya daidai bayansa yana zuba kirari, ƙarar kamar ta fasa masa kai.

Na'urorin biyu a aljihu suka wuni. Ango ya gane an ɗaura ne da ya ga mutane suna shafa fatiha.