Rairayin Hanyar Goronyo

"Kada shi ƙara taka ƙohwar gidan ga."

Habi na tsugune tana tankaɗe garin gero sa'ad da maganar ta faɗo tsakar gida. Ba ta ɗaga kai ba. Ta dai ga ƙafafun babanta, Malam Mode, sun yi fari fat, gaban rigarsa ma duk rairayi.

"Wa kaka nuhi, Malam?" in ji Inna Laraba daga bakin murhu.

"Mai mota nika nuhi. Ɗan Rabah."

"Zayyanu? Mi yay yi?"

"Ina bisa jakina tsakiyar ƙorama, na taso kasuwar Goronyo. Na hange shi, har na ja jaki gehe ina jiran gaisuwa. Ya wuce ni, Laraba. Hannu ɗai ya ɗaga mini, kamar sa'anshi, ya watsa mini rairai."

"Har odar mota ya danna maka, Kawu," in ji Isa daga bakin zaure. "Wai ka kauce."

Isa ɗan ƙanwar Baba ne. Ya daɗe yana son Habi, Habi kuwa ta daɗe tana gaishe shi kamar yadda ake gaida katanga.

"Yaron da ko bisa keke ya hange ni sai shi sauka, shi tuɓe takalma," Baba ya ce. "Yanzu ya yi mota. Kasuwa mai zuwa in ta ci, a maida musu goronsu."

Habi ta ci gaba da tankaɗe. Ba ta tashi ba sai da ta gama garin.

Ita dama motar ba ta taɓa burge ta ba. Ranar da Zayyanu, mai neman aurenta, ya sayo ta daga kantin Turawa a Sakkwato, kaf Wurno sai da aka fito kallo, don ban da ta Di'o, Baturen mulki, da manyan motocin gyaɗa, ba kasafai ake ganin mota a garin ba. Koriya ce, mai buɗaɗɗen baya, kujerarta na ƙamshin sabuwar fata. Ta shigo lungunsu tana zabura tana tsayawa, ta mutu a gaban masallaci, ta sake mutuwa a ƙofar gidansu. Zayyanu ya fito da babbar rigarsa, ya cusa wani lanƙwasasshen ƙarfe a hancinta yana murɗawa, gumi na zuba, yara na taya shi da ihu.

Da yamma ya nuna mata cikinta. Abin takawa uku ne a ƙasa.

"Wanga kuloci, wanga birki, wanga totur."

"Ƙahwa biyu gare ka, Yaya. Na ukun wa ka taka maka shi?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai albasar da jakai ke wahala da ita daga Rabah zuwa Goronyo, yanzu sawu ɗaya ce. Ta ce to. Ta lura dai cewa motar shan ruwa take kamar saniya, kuma tun da ta zo, rabin hirarsu giyar mota ce da taya.

Bayan maganar Baba, Zayyanu bai yi gigin zuwa gidan ba. A kasuwar Wurno ya same ta, inda take sayar wa Inna daddawa. Ya ajiye motar can nesa ya tako da ƙafa, ya tsuguna gaban faifanta kamar mai ciniki.

"Habi tawa..."

"Ta nawa za a ba ka?"

"Don Allah ki saurare ni. Na aiki kawuna, Baba ya ƙi hitowa."

"Ka yi mishi oda?"

"Gaisuwa ta. Wallahi gaisuwa nika yi."

"Da oda."

Ya sunkuyar da kai.

"Direban da ya koya mini tuƙi ya ja mini kunne. Ya ce in ka shiga rairai, ka sa ta giya ta biyu, kada ka taɓa kuloci, kada ka taɓa birki, ko uwarka kag gani."

"Ai kuwa ubana kag gani."

"In na tsaya nutsewa taka yi, Habi. Har ciki. Ga kaya a baya."

Ta gyara jeren daddawarta. Ta yarda da shi, don Zayyanu bai iya ƙarya ba, fuskarsa ke tona shi. Amma ta san babanta. Bayanin giya ba zai shiga kunnensa ba, ko da limamin gari ne ya kawo shi.

"Isa ya ce kai ka ce tsoho shi koyi kauce ma mota," ta ce.

"Ni? Yaushe?"

"Ban ce ka hwaɗi ba. Na ce ya ce."

"To mi kika so in yi?"

"Ran kasuwar Goronyo Baba shina bi ta ƙorama da hantsi. Ni ma ina tare da shi, za ni wurin Gwaggo."

"In ta nutse hwa?"

"Ta nutse."

"Sabuwa ta, Habi. An ce ko gudu kada in yi da ita tukuna."

"Ni ban ce ka tsaya ba, Yaya. Hanyar da shika bi na hwaɗa maka."

Ya daɗe yana kallonta. Da zai tashi ta naɗe masa daddawa a ganye ta miƙa, don kada 'yan kasuwa su ce zance suka yi.

Ranar kasuwa sun makara, sai da rana ta take suka isa ƙoramar. Busasshiya ce, faɗinta duk rairayi, mai zafin da jaki ma ɗaga ƙafa yake da sauri. Baba na kan jakinsa, Isa na gefensa yana ba shi labari, Habi na baya da ƙwarya a ka.

Ita ta fara jin ƙugin motar.

Ba ta waiwaya ba. Ta ji ta gangaro, ta ji muryar injin ta sauya, ta ji tana matsowa. Isa ya ce, "Kawu, ja gehe, ga mai oda nan." Baba bai ja ba.

Motar ta zo daidai su. Sai ta yi wata zabura, ta yi tari, ta mutu. Ko kulocin ma ya manta bai taka ba.

Zayyanu ya fito. Ya tuɓe takalmansa ya ajiye, ya taka rairayin da tafin ƙafa, ya durƙusa gaban jakin.

"Barka da rana, Baba."

Baba ya dube shi. Sa'an nan ya amsa, kuma ya amsa a tsanake. Ya tambayi mutanen Rabah, ya tambayi kawunsa, ya tambayi gajiya, ya tambayi yadda albasa ta yi bana, ya koma kan mutanen Rabah. Habi na kallon yatsun ƙafar Zayyanu suna naɗewa suna miƙewa. Tausayinsa ya kama ta, ta kawar da kai.

"To, madalla," Baba ya ce daga ƙarshe. "Tashi ka tahi."

Zayyanu ya ɗauko ƙarfensa ya murɗa. Ta tashi. Ya shiga, ya sa giya, ya saki kuloci a hankali. Tayoyin baya suka yi ta juyawa wuri ɗaya suna haƙa rami, motar na sauka, har cikinta ya kwanta kan rairayi. Ya kashe ta ya fito.

Isa ya ƙyalƙyale da dariya. Shi kaɗai ya yi.

Baba ya sauko daga jaki. Ya zaga motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya tura sandarsa inda tayar ta nutse.

"Haka taka yi?"

"Haka taka yi, Baba."

"Ka san za ta yi hakan ga, kat tsaya?"

"Na sani."

Baba ya ajiye sandarsa. Ya naɗe hannun riga ya ɗora a kafaɗa.

"Isa, sauke buhunnan ga. In ka gama ka saro geza ka shimhiɗa ƙarƙashin taya."

"Ni, Kawu?"

"Akwai wani Isa nan?"

Aka sauke albasa, aka tone rairayi da hannu, aka jera rassan geza. Wasu 'yan kasuwa suka tsaya taimako. Zayyanu ya sake tayar da ita ya shiga. Da ya waiwaya sai ya ga Baba ya dafa bayan motar da hannu biyu. Ya yi wuf ya diro.

"A'a, Baba. Ba ni zama kana turi."

"To wa ka tuƙa ta? Jakina?"

"Baba, don Allah..."

"Shiga. In ta hita kuma kada ka tsaya. In ka tsaya ba ni sake turawa."

Ya shiga. Suka tura, injin ya yi kuka, gezar ta kakkarye, motar ta yi tsalle ta fita. Ta wuce tana watsa rairayi, mafi yawansa a gaban rigar Malam Mode. Ba ta tsaya ba sai da ta hau tudu inda ƙasa ke da tauri. Daga nan Habi ta hango shi ya fito, ya sake ajiye takalma, ya durƙusa yana jiransu.

Baba ya kakkaɓe rigarsa, ya tofar da rairayin da ya shiga bakinsa. Bai dubi 'yarsa ba. Ya kama igiyar jaki ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa.

"Isa, ɗora albasar ga bisa jaki ka haura mishi da ita," ya ce. "Surukin nan nawa bai iya tuƙi ba."

Habi ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta gyara zaman ƙwaryar a kanta, ta bi bayan babanta.