Yatsan Baba Alƙasim

Furera na tankaɗen garin gero a gidansu a Tama sa'ad da Baba Alƙasim, ƙanin mahaifinta, ya yi sallama da takarda a hannu. Daga Abijan ta zo, daga Halidu, wanda ya tafi ci-rani da alkawarin aurenta in ya dawo. Baba tsohon soja ne, shi kaɗai ke karanta Faransanci a dangi, don haka soyayyar nan duk ta bakinsa take bi.

Furera ta san karatunsa: yatsa kan layi, yana tuntuɓe, yana zagin rubutun Halidu. Haka ya fara yau. Gaisuwa ga mahaifiyarta Inna Takawa, gaisuwa ga Maigari, tambayar ko albasa ta yi kyau a fadama. Sai yatsan ya tsaya. Bakin kuwa ya ci gaba.

"Wato... ya ce... wato ya auri wata can. Ki yi haƙuri, ɗiyata."

Inna ta fara salati. Hawaye suka cika idon Furera, amma ba su hana ta ganin yatsan ba.

"Baba, mi sunanta?"

Baba ya dubi rumbu, kamar can aka rubuta sunan. "Wato... Kulu."

"Nuna mini inda ya sa Kulu."

"Ke da ba ki taka lakwal ba, ba ki yi boko ba, mi za ki gani? Ga ɗan'uwanki Iro nan zaune, bai tahi ko'ina ba."

Iro ɗansa ne. Wannan jumlar kam ta fito babu wato ko ɗaya.

Da ya fita, Inna ta ce, "Ƙanin ubanki za ki ƙaryata?"

"Ban ƙaryata shi ba, Inna. Yatsansa ne bai yarda da shi ba."

Kwana uku Furera ta yi tana kuka a ɗaki, tana gaida Baba da ladabi. Ran na huɗu ta dama masa fura, ta roƙe shi ya sake karantawa a gaban Inna. Gaisuwa ta fito yadda take, albasa ma haka. Da aka zo kan amarya sai gumi ya tsattsafo, aka yi wato huɗu, Kulu ta koma Zali.

Inna ta miƙe. Ta yafa zane, ta karɓi takardar, ta kai wa mushen lakwal, malamin makarantar garin. Numfashi ɗaya ya karance ta: Halidu na tafe da ruwan farko, ya sayi akwatin aure. Babu Kulu, babu Zali.

"Idanu sun tsuhwa," in ji Baba da Inna ta dawo.

"Idon da ya ga mata biyu a layi guda ai da sauransa," in ji Inna.

Bayan girbi aka ɗaura auren. Baba ne waliyyi, ya kuma faɗi sunan ango babu tuntuɓe.

Furera ta ci ribar haƙurinta da lurarta. Gaskiya tuna ta ake yi, ƙarya kuwa gina ta ake yi, mai gini kuma ba ya rasa gumi.