Wake Ƙwaya Bakwai

Rahamatu 'yar aji huɗu ce a wata firamare a Kankiya. Tana da ƙoƙari, amma akwai ta da gaggawa, kullum kamar ana korar ta.

A gidansu akwai dabarar rage tsadar cefane. Da kaka, lokacin da wake ke araha, Baba kan hau babur ya tafi Dudunni, can ƙasar Kusada. Sai ya sayo buhu guda wurin Kawu Gajere, ƙanen Inna.

Bana ma haka aka yi. Aka juye waken a buhu mai leda biyu a ciki. Inna ta matse iska, ta ɗaure kowace leda tam. Ta ja wa yara kunne cewa ba mai taɓawa sai azumi, domin in iska ba ta shiga ba, ƙwaro ba ya rayuwa.

Ran nan malamin aji ya ce kowa ya zo da wake, za a shuka a gwangwani. Rahamatu ta manta, sai da safe ta tuna. Inna kuwa tana wanka. Ta jira ta? Ina! Ta ɗauki almakashi, ta huda buhun ta wajen bango, ta zaro ƙwaya bakwai, ta ruga makaranta.

Wakenta ya fi na kowa tsiro. Har tafi aka yi mata.

Bayan wata huɗu, wake ya yi tsadar da ba a magana. Ana jibi azumi Inna ta kwance buhu, tana murna za a sha ƙosai. Sai ta ja da baya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ƙwari ne suka taso, baƙi ƙirin, suna bin hannunta. Wake duk ya zama huda-huda, gindin buhu kuwa gari ne zalla. Kowa ya yi cirko-cirko.

Ran Baba ya ɓaci ƙwarai. Ya ce lallai Gajere tsohon wake ya sayar masa, kuma yau sai ya je Dudunni ya faɗa masa a gaban mutane. Ya ɗauki makullin babur. Idon Inna ya kawo ruwa. Ƙanenta ne fa.

Rahamatu ta riƙe rigar Baba.

"Baba, ba laifin Kawu ba ne. Ni na huda. Ƙwaya bakwai kawai na ɗiba."

Baba ya jawo buhun, ya ga hudar. Ko ɗan yatsansa ba ya shiga. Ya juyo ya dubi Rahamatu.

"Bakwai?" in ji shi. "Da kin tambaya, ai da an ba ki daga kwanon girki. Yanzu ga abincin gida ya tafi, kuma saura kaɗan in ci mutuncin bawan Allah a banza."

Rahamatu ta fashe da kuka, ta roƙi gafara.

Kwana uku tana taya Inna shanya wake a rana, suna rairaya, suna tsincewa. Da ƙyar aka tsira da rabi. Azumin nan, ƙosai sai ranar Juma'a, kuma ƙannenta ba su bar ta ta manta dalili ba.

Da labari ya kai wa Kawu Gajere, dariya ya yi har da riƙe ciki. Da damina ta faɗi, ya aiko mata da irin wake. Ta shuka a bayan gida, ya yi kyau sosai.

Da kaka ta zagayo, Rahamatu ce ta ɗaure sabon buhu da hannunta. Ta tara ƙannenta, ta ce:

"Abin da aka adana, tambaya ake yi kafin a taɓa. Ɓarna ba ta da ƙarama. Ni na gani da idona."

Inna ta yi murmushi, ta ɗauke almakashin ta jefa can saman kwaba.