Abin Da Ke Kashe Motar Hajiya Safara'u

Shekarata ashirin ina gyaran wayar mota a Badarawa, ban taɓa gamuwa da irin tsohuwar motar Hajiya Safara'u ba. Tana cikin tafiya sai ta mutu, har a ranar da Hajiya za ta kai mahaifiyarta asibiti, amma da an kawo ta gareji sai ta tashi lafiya lau.

Ranar Alhamis na tuƙa ta da kaina don in gano matsalar. Ana kiran magariba ta mutu mini a bayan Rigasa, inda gidaje suka ƙare. Na sauke batir, na bar ɗan ƙwan fitilar da nake gwada wuta da shi a kan kujera.

Sai na ji ƙamshin kafur. Na leƙa, ga wani dattijo zaune a baya.

"Sannu da aiki, ɗana," ya ce, leɓɓansa ba su motsa ba. "Daina wahalar da kanka. Duk sanda na shigo ne take mutuwa."

Ya miƙo mini ƙwan. Ƙwan yana haske a tsakanin yatsunsa, batir kuwa na ƙasa kusa da ƙafata.