Mai Kira na Huɗu a Shirin Barira

Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Kai Jabiru, kife wayar nan ko in tashi. Wannan ba tatsuniya ba ce, mutanen suna nan da ransu.

Barira tana aiki a wata 'yar tashar rediyo a bayan gari. Kowace Laraba da sha biyun rana tana da shiri: ta sa sabon kiɗa, masu sauraro su bugo waya su faɗi ra'ayinsu. Ita kaɗai ce a ɗakin, ita ce mai magana, ita ce mai danna na'ura.

Tana da ƙane, Nafi'u. Mutum mai hankali, sai dai kwamfuta ta cinye shi. Shekara biyu yana haɗa wani albam, wai kiɗan sararin samaniya. Ba ganga, ba waƙa, ba inda za ka taka rawa. Na ji shi da kunnena, wallahi ko a kyauta ba na so. Wani gurnani ne mai tsawo, sai wata siririyar ƙara ta ratsa shi, sai shiru, sai abin ya dawo. Tun da ya gama shi kunnensa na hagu ke masa ƙugi. Likita ya leƙa bai ga komai ba. Mai haɗa sauti kuwa in ya rasa kunne, ai tasa ta ƙare, kuma tsoron da ke cin Barira ke nan.

Ya dame ta da naci har ta ce ya zo shirin. Ya zauna gefenta, ya sa hedifon. Ta saki faifan, ita kanta tana yamutsa fuska.

Ko minti uku ba a yi ba fitilar waya ta kama. Wani mai markaɗe ne daga kasuwa.

"Hajiya Barira, injina kika ɗauka? In shi ne, a taimaka a zuba masa mai."

Ta biyu mai jego ce. "Da ƙyar na samu jaririna ya yi barci, kin tashe shi. Wannan kiɗa ne ko ciwon ciki? Tir."

Na uku direba. "Na tsaya gefen titi na buɗe bonet, ashe ba motata ba ce. Wanda ya yi abin nan a kai shi a yi masa ruƙiyya."

Nafi'u ya matso bakin makirfo. "Sai an saurara kamar sau bakwai ake gane shi."

"Allah ya sawwaƙe," in ji direban, ya kashe.

Sai wari ya shigo. Warin ruwan da ya shekara a rufe, mai tayar da zuciya. Barira ta toshe hanci da mayafi. Ta ji numfashi a kan layi. Ta dubi fitilar waya. A kashe take.

"Ke ce mai wurin nan?"

Muryar dattijo ce, amma da wani abu. Kun san in ka yi magana a ɗakin da ba kaya, amsa-kuwwa na biyo bayan muryarka. To wannan, amsa-kuwwar ce ke rigan muryar isowa.

Barira ta daure. "Malam, ko sallama babu?"

"Na gefenki ne ya yi wannan? Tambaye shi inda ya samo kiɗansa."

Ta juya. Nafi'u ya haɗa gumi.

"Yaya, tsohuwar rijiyar nan ce ta bayan majema. Na ɗaure makirfo da igiya na zura. Da rana tsaka, lokacin ba hayaniya."

"Ka yi bisimilla?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ranar 'yata ta rasu," in ji muryar. "Gurnanin nan dangina ne. Siririyar ƙarar, uwarta ce. Ya zuro mana ƙarfe tsakiyar zaman makoki, ya yi awa uku a kanmu bai ce uffan ba. Yau kuma kun tara gari ana ce wa kukan matata injin markaɗe. Ku 'yan Adam ƙazamai ne. Ƙyamarku nake ji."

Kunya ta kama Barira, don ita ma maganar mai markaɗen ta ba ta dariya.

"Kunnen da ya saci kuka namu ne. Ɗaya na hannunmu. Faifan na ƙarewa za mu karɓi ɗayan."

Ta danna maɓallin tsayarwa. Bai tsaya ba. Ta fizge wayar wuta daga bango. Na'urar ta ci gaba da ƙirga lokaci, saura minti biyu. Baƙin ruwa ya fara tsiyaya daga ƙarƙashin hedifon ɗin Nafi'u, yana bin wuyansa, da 'yan tsutsotsi a ciki.

"Yaya, ba na jin ki sosai," ya ce.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri," in ji Barira. "Yaro ne, bai sani ba. Ka yi haƙuri."

Muryar ta yi tsaki.

"Haƙuri za ki ba ni? Mai rashi ba shi haƙuri ake fara yi a garinku?"

Saura minti ɗaya. Ta tsaya cak. Sai ta gane. Ta zare takalmi, ta gyara mayafi ta rufe kai, ta jawo makirfo ƙasa, ta durƙusa a kan siminti, kamar yadda mace ke yi in ta shiga gidan rasuwa.

"Salamu alaikum. Baba, ya haƙuri?"

Kukan da ke faifan ya sassauta.

"Da godiya."

"Ashe rashi aka yi. Allah ya sa mai ceto ce. Allah ya ba uwarta dangana."

"Amin. Saura shi."

Nafi'u bai ji ba, ido kawai yake zarewa. Ta finciko shi da wuyan riga har gwiwoyinsa suka bugi ƙasa, ta riƙe haɓarsa, ta motsa leɓɓanta a hankali yana kallo. Ya kwaikwaye ta ya ce, "Ya haƙuri, Baba."

Fitilar waya ta kama. Ashe duk gari na saurare. Mai markaɗen ne, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana miƙa tasa gaisuwar. Bayansa mai jegon, tana kuka.

Faifan ya tsaya saura daƙiƙa uku.

"Na dama na bar masa, albarkacinki," in ji dattijon. "Na hagu ya riga ya zauna makoki da mu. Ba ya tashi."

Warin ya janye. A ranar Nafi'u ya goge albam ɗin, ya ƙona igiyar.

Har yanzu yana aikinsa da kunne ɗaya. Na hagun ko ganga ka buga masa ba ya ji. Abu ɗaya yake ji da shi: kukan nan na cikin rijiya, kuma ba ya jin sa sai a ƙofar gidan da za a yi rasuwa nan da kwana uku. Sau biyar ke nan bai kuskure ba. Ba ya faɗa wa kowa sai Barira, ita kuma ba ta da yadda za ta yi sai ta wanke mayafinta na zuwa ta'aziyya ta ajiye.

Don haka kada wanda ya bi hanyar bayan majema shi kaɗai da rana tsaka. In kun ga tsohuwar rijiya, ku yi sallama ku wuce, ban da leƙe.

Yanzu kowa ya je ya gaida Kaka kafin ya kwanta. Shekaranjiya na ga Nafi'u a bakin layinmu, ya toshe kunnen dama da yatsa, yana bin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Ban tsaya na ga inda ya tsaya ba.